Shekarar da Ɗoɗɗoya Ta Shiga Ofis

Lokacin da aka ba mu mulkin kai ina malamin elemantare a Roni, garinmu. Ba ni da komai sai keke da 'yan riguna da gonar gyaɗa a bayan gari, amma ban taɓa sanin barci abu ne da mutum zai nema ya rasa ba. In na taso daga makaranta na ci tuwon dawa, sai in leƙa gona, in dawo in zauna a dandali a yi ta gardamar siyasar da ba wanda ya fahimce ta a cikinmu. Na yi shekaru a haka, na yi aure a haka, har aka canza mana kuɗi daga fam zuwa naira.

Sai man fetur ya zo. Mu dai ba mu ga man ba, abin da ya haifa muka gani, wato ofisoshi. Kullum sai ka ji an buɗe sabuwar ma'aikata a Kano, kowace ma'aikata tana son reshe a ƙasa, kowane reshe kuma yana son wanda ya iya rubuta Turanci. Haka aka cire ni daga aji aka kai ni Kazaure, aka ba ni tebur mai aljihu da kujera mai hannu a wani ofishi da tuni aka rushe shi. An ce aikinmu kyautata rayuwar mutanen ƙauye. Har na bar wurin ban ga ƙauyen da muka kyautata ba, amma mu kanmu mun yi kyau. Na sayar da keke na hau babur, maiɗakina ta sami gado mai rumfa, ni kuma na fara ajiye tumbi.

Shugaban ofishin, wanda kowa ke kira Oga, gajere ne mai son babbar riga mai nauyin aiki. Ya taɓa zuwa wani ɗan kwas a ƙasar waje, ya dawo da abu biyu: tabarau da ƙararrawar tebur. Ƙararrawar nan ita ce ta kusa kashe ni. Ofishina na jikin nasa, kuma ni ne nake rubuta masa komai, saboda haka in ya buga ta ni ake nufi. Yana bugawa in yana son fayil, yana bugawa in ya manta abin da yake so, yana bugawa don ya tabbatar tana aiki. Kowane aiki a wurinsa na gaggawa ne. Sai ka bar abinci ka gama shi, ka kai masa da gudu, ya ɗora a kan tebur ƙura ta rufe shi.

Ban jima ba jikina ya fara ba ni labari. Gabana ya riƙa faɗuwa ba dalili. Wuyana ya ƙage kamar na kwana ɗauke da buhu. Cikina ya kumbura, abinci ya daina yi mini daɗi, barci kuma ya yi ƙaura. A gida na zama abin gudu, har yara in sun ji ƙarar babur ɗina sai su watse. Ranar da na san abin ya yi nisa ina cikin kasuwa ne ina cinikin albasa, wani yaro ya buga ƙararrawar keke a bayana. Kafin in san abin da nake yi na miƙe tsaye cak na ce, “Na'am, Yallaɓai!”

Mai albasa ya dube ni ya ce, “Malam, lafiya?”

Na je wurin likita. Ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya matsa, ya ce jinina ya ɗan hau, ba sosai ba, amma in rage tunani. Na tambaye shi a wane kanti ake sayar da ragin tunani. Bai yi dariya ba. Ya ba ni wasu ƙwayoyi ƙanana, ya ce in riƙa dawowa ana aunawa. Ƙwayoyin sun kawo barci kam, sai dai ba sa kawo shi sai da hantsi, ina zaune a kan teburin gwamnati.

Abin mamaki, da labari ya bazu a ofis sai aka riƙa zuwa yi mini murna. A wancan zamani hawan jini ciwon manya ne, talaka ba ya samunsa, shi sai dai zazzaɓi. Babban akawunmu ya riƙe hannuna ya ce, “Ka shigo gari ke nan. Ni shekarata nawa a nan ina jira, har yau likita cewa yake lafiyata ƙalau.” Ya faɗi haka cikin baƙin ciki na gaske.

Wata Asabar na tafi Roni gaida Inna, mahaifiyata. Ya kamata in faɗi wace ce Inna. Duk unguwarmu ba wanda ya kai ta faɗa. Ta yi faɗa da maƙwabta, ta yi da masu tallan mai, ta yi da akuyoyi, ta taɓa tsayawa a tsakar gida ta yi wa hadari faɗa don ya taso tana shanyar gero. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana. Malam take ce mini, amma da irin muryar da ke nuna ba ta yarda da malantar ba.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo ta ce, “Malam, me ya same ka ka koma kamar kazar da aka jiƙa?”

“Inna, likita ya ce tunani ne.”

“Tunanin me? Kai da ba ka noma, ba ka kiwo, ana ba ka kuɗi don ka zauna a inuwa?”

Ta tashi tana mita ta nufi gindin randa. A nan, inda ruwa ke ɗiga, akwai wata tsohuwar ɗoɗɗoya da ta yi kumari, ta kai ƙugun mutum. Tun ina yaro na san ta. Da ita ake korar sauro, ana jefa ta a miya, ana ba mai ciwon ciki. Ba gidan da ba ta, kuma ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Inna ta tsinko ganyen cikin tafin hannu, ta wanke, ta tafasa ruwa da 'yar citta, ta sauke, sannan ta zuba ganyen ta rufe da faifai. Da ya ɗan huce ta tace a kwanon sha, ta ɗiga zuma, ta dangwarar a gabana.

“Shanye. Ni kullum sai na sha bayan la'asar. Tana sanyaya zuciya.”

Na kasa daurewa na ce, “Inna, kullum kike sha?”

“Kullum.”

“Kuma a haka...”

“A haka me?” Ta zaro ido. “Ka gode wa Allah da nake sha. Da ba na sha, da yanzu ba kowa a unguwar nan sai ni.”

Na sha. Ƙamshin ya fara shiga hanci kafin ruwan ya kai ciki, wani ƙamshi mai ɗan yaji kamar na kanumfari. Can sai na yi gyatsa mai tsawo, cikin nan da ya daɗe a ɗaure ya saki. Gumi ya ɗan tsattsafo mini. Na ji kafaɗuna, waɗanda ashe sun daɗe a maƙale kusa da kunnuwa, sun sauko wurinsu. Na jingina da bangon rumfa ina sauraron Inna tana zagin wata akuya, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Kiran sallar magariba ne ya tashe ni.

Da zan koma ta cire mini 'yan rassa masu saiwa, maiɗakina ta dasa a gindin tamu randar. Na riƙa sha da yamma. Ba zan ce ɗoɗɗoya ta mai da ni sabon mutum ba, kuma ban daina zuwa awo wurin likita ba. Oga yana nan, ƙararrawa tana nan. Amma in ta buga, gaban nawa ba ya faɗuwa har ƙasa kamar da. Na koma cin abinci, barci ya dawo lokacinsa, yara suka daina ɓuya. Likita ya ce duk abin da nake yi in ci gaba, ya rage mini ƙwayoyin.

Da abin ya tsaya nan da lafiya lau. Sai na sayi fulas na fara zuwa ofis da ɗoɗɗoyar.

Wata rana da hantsi ina tsiyayawa a kofi sai ga Oga a bakin ƙofa, hancinsa na motsi. Ranar a birkice yake, don an bugo masa waya daga Kano an wanke shi tas. Ashe shi ma akwai masu buga masa tasa ƙararrawar.

“Mene ne wannan mai ƙamshi?”

“Ɗoɗɗoya ce, Yallaɓai.”

“Ɗoɗɗoya? Ta korar sauro?”

“Ita, ranka ya daɗe. Tana kwantar da hankali.”

Ya yatsine fuska, ya waiga ya ga ba kowa, ya ce in zuba masa kaɗan ya gwada don bincike. Ya shanye, ya ƙara, ya koma ofishinsa. Ranar har aka tashi ba a ji ƙararrawa ba. Masinja ya leƙa ya dawo yana tafiya da sanɗa, ya ce Oga ya cire hula ya miƙe ƙafa a kan tebur yana murmushi shi kaɗai. Kafin a tashi ma'aikata suka kewaye ni suna roƙo, don Allah gobe in zo da fulas mafi girma.

Washegari Oga ya tara mu. Ya sa tabarau ya ce ya gano wata babbar dukiyar ƙasa da jahilci ya binne. Ya ce ƙasashen da suka ci gaba da irin wannan suka ci gaba. Ya ce manyan ma'aikata suna ɗauke da nauyin al'umma a ka, kuma wajibi ne gwamnati ta kwantar musu da hankali. Nan take ya kafa kwamiti, shi ne shugaba, ni ne sakatare. Na buɗe baki in ce ganyen nan fa a gindin randa yake fitowa, sai ya ɗaga hannu ya ce lokacin gindin randa ya wuce.

Kafin wata ya zagayo, duk wani mai tebur a Kazaure ya mallaki fulas. Girman fulas ɗinka, girman muƙaminka. Oga ya aika Kano aka sayo masa wani mai kamar tulu, masinja na bin sa da shi a baya. Aka ware lokaci na musamman da hantsi don kwantar da hankali, a rufe ƙofofi, duk wanda ya zo daga ƙauye da buƙata ya jira a rana har hankalin ma'aikata ya gama kwanciya. A irin wannan zama ne babban akawu da mai kula da sito suka kaure da dambe a kan wa ya kamata a fara zuba wa. Sai da aka fasa kofuna, aka yaga riga, kowannensu yana ihu yana cewa shi ya fi buƙatar natsuwa.

Da buƙata ta yi yawa sai aka ce a ba da kwangilar kawo ganye. Aka yi sa'a, surukin Oga yana nan. Wani Alhaji ne daga Babura, dillalin shanu da hatsi, mai fara'a da haƙorin Makka, aljihunsa ɗaya naira ɗaya sefa. Bai taɓa shan ɗoɗɗoya ba, ya ce shi hankalinsa a kwance aka haife shi. Ya saki yaransa da akori-kura suka bi gari gida-gida, suka wuce ƙauyuka. Ba tsinka suke yi ba, tumɓukewa suke yi har saiwa. Matan gari suka wayi gari gindin randunansu fayau. Daminar nan sauro ya yi abin da ya ga dama a Kazaure. Har tawa ta gida ba ta tsira ba, don Oga ya ce sakataren kwamiti shi ya kamata ya fara ba da misali.

Sai suka kai Roni. Sun tarar Inna ta tafi barka, suka shiga suka tumɓuke tsohuwar ɗoɗɗoyarta, garin ja suka ture randa ta fashe.

Ina cikin rubutu na ji hayaniya a farfajiyar ofis, na kuma gane muryar tun kafin in ɗaga kai. Inna ce, ta hau motar kasuwa ta zo, gyale a ɗamare a ƙugu, ɓallin randa a hannu. Ta ture masinja, ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta faɗa ofishin Oga. Na bi ta a guje. Ta ajiye ɓallin randar a kan fayilolinsa, ta ga ƙararrawa, ta ɗora hannu ta yi ta bugawa har sai da duk ofishin ya taru.

“Kai ne babban ɓarawon ganye?”

Na ce, “Inna, don Allah, Oga ne...”

“Rufe mini baki, Malam! Randar nan da ita aka kawo ni gidan ubanka!”

Na riga na ga takardar sallamata a zuci. Amma Oga ya miƙe, ya cire hula, ya zagayo ya durƙusa har ƙasa.

“Baba, ashe ke ce tushen wannan alheri? Ai mu muke neman ki. Wannan shiri ba shi da uwa, kuma ga uwa Allah ya kawo.”

Tun da Inna take ba a taɓa tarbar faɗanta da durƙuso ba, ba ta san inda za ta ajiye sauran ba. Aka zaunar da ita a kujera mai laushi, aka kawo lemon kwalba. Kafin la'asar an naɗa ta Uwar Shiri, an ba ta turmin atamfa da sabuwar randa, an mai da ita Roni a gidan gaba na motar ofis. Na ji labari ta sa direba ya zaga da ita unguwa kafin ya sauke ta, tana ɗaga wa maƙwabtan da ta yi shekaru tana gaba da su hannu.

Tunda ganye ya ƙare a ƙasa, kwamiti ya yanke shawarar buɗe gona. Na kawo shawarar a yi ta a fadama kusa da ruwa. Oga ya ce in aka yi ta a fadama wa zai gani? Ya zaɓi kan wani dutse da ke kallon babbar hanya, don duk mai wucewa daga Kano zuwa Daura ya ga allon sanarwa. Alhaji ya sami kwangilar share wurin. Ya kawo katafila ta kankare duk wata sabara da geza da ke kan dutsen da kewayensa, har ya zama ko ƙadangare ba shi da wurin ɓuya. Aka kewaye da waya, aka kafa allo mai girman bangon ɗaki, aka ɗebo ƙasa a mota aka zuba, aka riƙa hawo da ruwa a tanka. Iri ya tsiro, ya leƙo ya ga inda aka kawo shi, ya mutu. Aka sake shukawa, ya sake mutuwa.

Ana cikin haka aka sa ranar buɗe gona, kuma wani babban baƙo daga Kano ya amsa zai zo. Ni ne mai rubuta jawabin Oga, ni ne mai neman rumfuna da kujeru, ni ne mai amsa tambayar me ya sa gona ba ta da ganye. Ƙararrawa ta dawo fiye da da, don Oga ma ya rasa abin sha. Wuyana ya sake ƙagewa, barci ya sake gudu. Sakataren kwamitin kwantar da hankali ya rame har wando na zame masa, kuma duk faɗin Kazaure ba inda zai sami ganye ɗaya ya jiƙa.

Alhaji ne ya fitar da mu. Ana gobe taro ya iso da kaya iri biyu: ɗanyun rassa da ya samo daga wani lambu mai nisa, da buhunan busasshen ganye da ya ce daga tsallaken iyaka ya sa aka kawo. Da sassafe leburori suka bi kunya-kunya suna soke rassan a ƙasa, aka yayyafa ruwa. Daga nesa sai ka rantse gona ce. Na buɗe buhu ɗaya na shinshina, na ji ƙamshin da rauni.

“Alhaji, anya wannan ɗoɗɗoya ce zalla?”

“Haba Malam Sakatare! Irin ta ƙasar Faransa ce. Ba ta da surutu, sai aiki.”

Oga ya ce tunda ƙamshin bai fito ba a zuba da yawa, a bar shi ya dahu sosai. Aka dafa a babbar tukunyar biki har ruwan ya yi duhu, aka zuba sukari ba tausayi.

Baƙo ya iso da hantsi da jerin motoci. Aka fara sauke shi a gidan Oga, aka rarraba shayin a kofunan tangaran. Dogon mutum ne mai cika ido. Ya kurɓa ya lumshe ido ya ce tun yanzu ya ji nauyin mulki na sauka daga kafaɗarsa, a ƙaro. Da manya suka ga ya ƙara, kowa ya miƙa kofi. Inna na zaune a cikinsu cikin sabuwar atamfa. Daga baya ta ce ta ji ɗanɗanon ya bambanta, amma ta ɗauka haka abu yake a kofin tangaran. Ni ban sami ko kurɓi ɗaya ba, ina ta gudu tsakanin gida da dutse.

Aka ci abinci, aka yi azahar, aka hau dutse. Rana ta take, rassan da aka soke sun fara sunkuyar da kai. Aka yi addu'a, aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga mai jawabin maraba. Oga ya tashi ya karanta nasa, wanda na rubuta, ya kuma ƙara da nasa na ka. Tun yana tsakiya na lura manyan da ke layin gaba sun daina tafi. Wani ya dafe ciki. Babban akawu ya harɗe ƙafafu yana kallon sama, leɓɓansa na motsi. Oga kansa ya fara haɗa gumi, ya tsallake shafi guda bai sani ba.

Sai babban baƙo ya miƙe da jawabinsa mai kauri a hannu. Ya gyara murya ya ce, “Jama'a, wannan rana...” Ya tsaya. Lasifika ta ɗauko wata ƙara da ba daga bakinsa ta fito ba, ta watsa ta har bakin hanya.

A cikin shirun da ya biyo baya ne Inna ta zabura ta miƙe, hannu biyu a ciki, ta ƙwala ihu.

“Filasko! Wallahi filasko aka ba mu! Malam, Allah ya isa!”

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san filasko, ganyen da ake ba wanda cikinsa ya ɗaure, kuma ko shi ɗan kaɗan ake jiƙa masa. Mu kuwa mun dafa buhu.

Baƙo ya dubi takardunsa, ya dubi jama'a, ya ce, “Na buɗe.” Ban taɓa jin jawabin babban mutum mai gajartar wannan ba. Ya tattare riga ya nufi mota da wani irin sauri mai kama da tafiyar agwagwa. Sai kowa ya tashi. A nan ne aka tuna ba a gina bayan gida a gonar ba, kuma katafila ba ta bar ko kurmin da zai rufe ɗan akuya ba. Manyan riguna suka bazu a kan dutse, kowa na neman abin da zai raɓa. Wasu suka yi rububin bayan allon sanarwa, wanda aka kafa a kan dogayen ƙafafu don a hango shi daga nesa. Makaɗan da aka ɗauko, da yake ba a ba su shayin ba, suka zaci wani sashe ne na bikin, suka ƙara wa ganga wuta. Ni na goya Inna a babur muka gangara, tana dukan bayana tana tsine wa gwamnati tun daga sama har ƙasa.

Ba wanda ya mutu, sai dai an kwana biyu ofisoshin Kazaure ba kowa. Da na tare Alhaji bai musa ba. Ya ce ɗoɗɗoyar da ya samu ba ta cika buhunan ba, sai yaransa suka cike da abin da ya sawwaƙa. “Ganye ai ganye ne, Malam Sakatare. Kuma ka ga ya yi aiki.”

Aka turo kwamitin bincike daga Kano. Suka zauna, suka ci kaji, suka hau dutse suka duba. Suka gano cewa babban abin da ya jawo matsala shi ne rashin bayan gida a gonar, suka ba da shawarar a gina cikin gaggawa. Alhaji ya sami kwangilar. Ya gina su a jere, masu ƙofofin ƙarfe, a gonar da ba a sake shuka komai a cikinta ba. Oga aka ce ya nuna hangen nesa, aka ƙara masa girma aka mai da shi Kano. Da aka zo neman wanda za a hukunta, sai aka bi sawu har zuwa wanda ya fara shigo da ganyen ofis. Aka tura ni Gwiwa.

Maiɗakina ta yi kuka, abokan aiki suka zo yi mini jaje kamar an yi rasuwa. A lokacin in damina ta sauka hanyar Gwiwa sai a hankali. Ofishin ɗaki ɗaya ne, ni ne shugaba ni ne akawu, ba waya, ba mai zuwa dubawa. Da yake motar Alhaji ba ta taɓa iya kaiwa can ba, kowane gida da ɗoɗɗoyarsa. Maƙwabciyarmu ta ba maiɗakina dashe tun ranar da muka sauka. Na koma sha da yamma a ƙofar gida, na kama 'yar gona na sa gero da wake. Da ba ni da wanda zan rubuta wa jawabi, sai na fara zama da mutanen gari ina jin abin da ke damunsu. Har muka haɗu muka gyara wata rijiya da ta rufta, wanda shi ne aikin farko da na yi wa ƙauye tun da aka ɗauke ni aikin ƙauye. In na shiga Kazaure awo, likita sai ya duba abin awonsa ya sake dubawa, daga baya ya ce in daina wahalar da kaina da zuwa sai in na ji wani abu. Inna kuwa ta yi fushi da ni har bayan sallar layya, sannan ta zo ganin jikoki, ta yi faɗa da rabin garin ta koma.

Bayan 'yan shekaru sai ga saƙo daga Kano cewa an duba al'amarina an yafe mini, in tattara in koma Kazaure, har da ƙarin girma. Na hau babur na fita titi, na shiga mota har Kano, na yi ta bin ofisoshi sai da na sami jami'in da abin ke hannunsa, wani saurayi mai fuskar tausayi. Na durƙusa na ce masa laifin da na yi babba ne, na kunyata manya a bainar jama'a, kuma a ganina hukuncin bai isa ba.

Ya dube ni da mamaki ya ce, “Baba, kowa roƙo yake a fito da shi daga ƙauye.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni dai ban gama nadama ba.”

Ya girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin ma'aikaci mai tsoron Allah irina ba, ya soke canjin. A Gwiwa na ƙarasa aikina har na yi ritaya.